Majalisa ta iya raba kuɗi, amma bin ba'asinsu ya gagare ta

A labaran yamma na rediyo na sake jin abin da kunnena ya gaji da ji. Shugaban wani kwamiti na Majalisar Tarayya ya fusata, yana barazanar zai sa a kamo masa shugabannin wasu hukumomin gwamnati saboda an gayyace su su zo su yi bayanin kuɗin da suka kashe, sun yi kunnen uwar shegu. Na ji irin wannan barazana a majalisa ta takwas, na ji ta a ta tara, ga ta kuma a ta goma. Takan ƙare ne a labaran wannan ranar, washegari a shiga wata magana.

Matsayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Duk gyare-gyaren da aka yi ta yi wa aikin gwamnati a Najeriya tun daga shekarar 2007, daga tsarin biyan albashi na IPPIS zuwa asusun bai-ɗaya zuwa shirin haɗe hukumomi, ba za su tsare dukiyar talaka ba muddin majalisa ta saki rabin aikinta. Ta riƙe rabin da ake raba kuɗi, ta riƙe shi gam. Rabin da ake zama a ce "ina kuɗin da muka ba ka bara, me ka yi da su?" shi ne ta yi wa riƙon sakainar kashi. Kuma wannan rabin ne ainihin dalilin da ya sa aka ba ta iko a kan baitulmali.

Abin da tsarin mulki ya ɗora mata

Sashe na 80 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a cire ko kwabo daga asusun tarayya sai da izinin majalisa. Sashe na 85 ya kafa ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wato Odita Janar, ya ce cikin kwana 90 da karɓar lissafin shekara daga Akanta Janar ya miƙa rahotonsa ga majalisar dattawa da ta wakilai, kowacce kuma ta ba kwamitinta na asusun gwamnati ya duba. Sassa na 88 da 89 sun ba majalisa ikon bincike, da kiran duk wanda ta ga dama, da ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ƙara da cewa a buga lissafin da aka bincika cikin wata shida da ƙarewar shekara.

Wannan duk a takarda ne. A aikace, rahoton Odita Janar na shekarar 2021 sai a ƙarshen 2024 ya fito fili. Rahoton shekarar 2015 kuwa sai a 2021 majalisar dattawa ta kammala nazarinsa ta amince da shawarwarin kwamitinta. Shekara shida. A cikin shekara shida babban sakataren da ya sa hannu a takardar biya ya yi ritaya, daraktan kuɗi an sauya masa ma'aikata sau biyu, ɗan kwangilar ya rufe kamfanin ya buɗe wani da sabon suna. Wanda zai zauna gaban kwamiti sabon mutum ne, amsarsa kuma guda ce: ba a zamanina aka yi ba, a ba mu lokaci mu nemo fayil.

Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan rahoto ya san ba wani abu mai wuyar fahimta ke ciki ba. An ba ma'aikaci kuɗin tafiya, bai dawo da rasit ba. An biya ɗan kwangila cikakken kuɗi, an je wurin aikin an tarar da fili. An cire haraji daga kuɗin kwangila, ba a kai wa hukumar haraji ba. An ce an sayi kujeru da kwamfutoci, babu su a littafin sito. Hukuma ta tara kuɗin shiga ta kashe ba tare da ta zuba a asusun gwamnati ba. Shafi bayan shafi, shekara bayan shekara, laifukan iri ɗaya, sau da yawa hukumomin ma su ne dai. Maimaituwar nan ita ce shaidar cewa babu wanda ke jin tsoron rahoton.

"Ai yanzu na'ura ke yin komai"

Wannan ita ce amsar farko da nake samu idan na tayar da maganar, musamman daga 'yan boko masu son gyara. Suna cewa zamanin biyan albashi a kan tebur ya wuce, zamanin da kowace hukuma ke da asusu goma a bankunan kasuwa ya wuce, to me ya rage wa ɗan majalisa ya bincika?

Ban raina waɗannan gyare-gyare ba. IPPIS ya fara a 2007, ya tono dubban ma'aikatan bogi. GIFMIS, tsarin da ake bi a fitar da kuɗin kasafi ta kwamfuta, ya fara a 2012. Asusun bai-ɗaya, TSA, an fara gwada shi a zamanin Jonathan, Buhari ya tilasta shi a 2015, ya ba hukumomi wa'adin 15 ga Satumba su kwashe kuɗinsu daga bankunan kasuwa su mayar Babban Banki. Kafin nan gwamnati kan ci bashin kuɗinta da kanta: hukuma ta ajiye biliyoyi a banki, bankin ya juya ya ranta wa gwamnati da ruwa. Toshe wannan ƙofa aiki ne mai kyau.

Amma a lura da abu ɗaya. Duk waɗannan tsare-tsare ɓangaren zartarwa ne ya kafa su, shi ke tafiyar da su, shi ke riƙe da makullinsu. Na'ura tana rubuta cewa kuɗi sun fita ranar kaza zuwa asusu kaza. Ba ta zuwa ƙauye ta ga ko rijiyar burtsatsen tana ba da ruwa. Ba ta tambayar dalilin da ya sa aka sayi abu ninki uku na kuɗinsa a kasuwa. Kuma idan mai riƙe da makullin ne ya karkace, na'urar bin sa za ta yi.

A watan Mayu na 2022 hukumar EFCC ta kama Akanta Janar na Tarayya na lokacin, Ahmed Idris, daga baya ta gurfanar da shi kan zargin da ya kai naira biliyan 109. Hukunci aikin kotu ne, ba nawa ba. Abin da nake nunawa shi ne ofishin da ake zargin nan ya shafa shi ne ofishin da IPPIS da GIFMIS da TSA duk ke ƙarƙashinsa. Haka kuma a farkon 2024, takardar da ta nemi a zuba naira miliyan 585 na ma'aikatar jin ƙai a asusun wata ma'aikaciya, wadda ta kai ga dakatar da minista Betta Edu, a kafafen sada zumunta ta ɓulla. Ba kwamitin majalisa mai sa ido a kan ma'aikatar ne ya bankaɗo ta ba, alhali kwamitin yana nan a majalisun biyu.

Sai labarin da ya fi ƙona mini rai. Abdulrasheed Maina an naɗa shi ne ya shugabanci kwamitin gyaran fansho, wato an kawo shi ne don ya kawo ƙarshen satar haƙƙin tsofaffi. A watan Nuwamba na 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 8 kan halatta kuɗin haram da suka kai kimanin naira biliyan 2. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa ko kawunsa wurin tantance 'yan fansho ya san mutanen da aka ci kuɗinsu. Dattijo ne da sanda, ya ninke takardar ɗaukarsa aiki da ta ritaya a cikin leda don kada gumi ya jiƙa su, ya taso tun asuba da kuɗin motar da ya ranto, ya wuni a layi a rana, a ce masa sunansa bai fito ba ya dawo wani watan. Shi ma aikin gyara yana buƙatar wanda zai tsaya masa a ka daga waje.

Ko rahoton kwamitin Oronsaye kan rage yawan hukumomin gwamnati ma haka. An miƙa shi a 2012, ya ƙirga hukumomin tarayya 541, ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Ya kwanta shekara goma sha biyu kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin aiwatar da shi a watan Fabrairu na 2024. A cikin waɗannan shekaru ita kanta majalisa ba ta daina zartar da ƙudurorin kafa sababbin hukumomi da jami'o'i da kwalejoji ba, domin kowane ɗan majalisa yana son a ce ya kawo wa mazaɓarsa hukuma. Kuma hukumar da doka ta kafa ba ta rushewa sai majalisa ta soke dokar. To wane gyara ne zai yiwu ba da ita ba?

Bashin tiriliyan 22.7

Idan ana neman misali ɗaya da ya tattara matsalar, wannan ne. Sashe na 38 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya yarda bankin ya ba gwamnati rancen wucin gadi idan kuɗin shiga sun yi jinkiri, da sharaɗi biyu: kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Da an bi wannan doka, rancen ba zai kai ko rabin tiriliyan ba a kowace shekara.

A 2015 bashin bai kai tiriliyan 1 ba. Zuwa ƙarshen 2022 ya kai naira tiriliyan 22.7. Ba a ɓoye aka yi ba, alƙaluman suna cikin bayanan da Babban Banki ke wallafawa, masana tattalin arziki sun yi ta kuka a jaridu. Majalisar dattawa tana da kwamitin harkokin banki da na kuɗi da na kasafi, haka ma majalisar wakilai. Shekara bakwai ana kashe kuɗin da suka zarce haddin doka nesa ba kusa ba, ba a tsayar ba.

Da Buhari ya kawo buƙatar a mayar da bashin na dogon zango a watan Disamba na 2022, an yi hayaniya a zauren dattawa, wasu sanatoci suka ce a kawo bayanin abin da aka yi da kuɗin tukuna. Na yaba musu a lokacin. Amma a farkon watan Mayu na 2023, ana saura makonni gwamnati ta sauka, majalisun biyu suka amince: a biya cikin shekara 40, da ruwa kashi 9 cikin ɗari. Kafin watan ya ƙare kuma suka zartar da ƙudurin gyara dokar, don a ɗaga haddin rancen daga kashi 5 zuwa kashi 15. An karya doka, sai aka nemi faɗaɗa dokar ta yi daidai da wanda ya karya ta. A watan Fabrairu na 2024 ne sabuwar majalisar dattawa ta kafa kwamitin binciken bashin, bayan an riga an halatta shi.

Wannan bashi ba lamba ba ce kawai a takarda. Kuɗi ne da aka ƙirƙira aka zuba a kasuwa ba tare da an noma ko an ƙera wani abu a madadinsu ba, kuma yana cikin dalilan da suka sa kwanon masara da na shinkafa suka fi ƙarfin mai albashi. Yaron da aka haifa a shekarar da aka amince da shi zai kai shekara arba'in kafin a gama biya.

"Ɗan majalisa aiki aka zaɓe shi ya kawo"

Wannan hujja ta fi ƙarfi a wajenmu, kuma ba zan yi kamar ban fahimce ta ba. A garin da ƙaramar hukuma ta mutu, gwamnatin jiha ta yi nisa, ɗan majalisa ne kawai fuskar gwamnati da mutane ke gani. Shi ake kai wa takardar asibiti, shi ake roƙo taransifoma. Idan ya dawo neman ƙuri'a ba wanda zai tambaye shi zaman kwamiti nawa ya halarta. Tambayar ita ce me ka kawo mana.

Amma mu dubi abin da wannan ya haifar. A zamanin Buhari ana ware naira biliyan 100 duk shekara don ayyukan mazaɓu. A 2019 Buhari da bakinsa ya ce an kashe kusan tiriliyan 1 a kansu cikin shekara goma ba a ga tasirinsu a rayuwar talaka ba. Kuma biliyan 100 ɗin nan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da ake cusawa a cikin kasafin ma'aikatu. Ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi ta ƙirga ayyuka 11,122 na kusan naira tiriliyan 6.93 da ta ce majalisa ce ta shigar a kasafin 2025, kasafin da jimillarsa ta kai tiriliyan 54.99.

Kowa ya san kamannin waɗannan ayyuka. Fitilun kan titi masu aiki da hasken rana, an kafa su a layi, kowanne da ɗan allo mai ɗauke da hoton "mai girma", bayan damina ɗaya rabinsu sun mutu. Idan ka karanta allon da kyau sai ka ga hukumar da ta ba da kwangilar wata kwalejin aikin gona ce ko cibiyar bincike da ke wata jiha mai nisa, wadda ba ta da injiniyan lantarki ko ɗaya. An ajiye aikin a can ne don shugaban hukumar mai sauƙin kai ne.

A nan matsalar take. Ɗan majalisar da ya roƙi shugaban hukuma ya karɓi aikinsa a kasafinsa, ya kuma nuna masa ɗan kwangilar da za a ba, da wane ido zai dube shi ranar binciken kuɗi? An ga wannan ƙarara a watan Yuli na 2020, lokacin binciken hukumar raya yankin Neja Delta. Godswill Akpabio, wanda ke minista a lokacin, ya fara cewa 'yan majalisa na cikin masu cin kwangilolin hukumar, nan take mai jagorantar zaman ya shiga roƙonsa ya kashe makirufo. Duk ƙasa ta gani a talabijin.

Waɗanda suka fasa ƙwai daga cikin gida kuwa an san makomarsu. Abdulmumin Jibrin Kofa ya yi zargin cushe a kasafin 2016, majalisar wakilai ta dakatar da shi kwanakin zama 180. Sanata Abdul Ningi ya gaya wa sashen Hausa na BBC a watan Maris na 2024 cewa akwai kimanin tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba, aka dakatar da shi wata uku. Fadar shugaban ƙasa da shugabannin majalisa sun musanta zarginsa, sun ce kuɗin na hukumomin da ake ba kasonsu kai tsaye ne. To ko da haka ne, ai amsar ita ce a baje lissafin waɗannan hukumomi dalla-dalla kowa ya gani, har da na majalisar kanta, wadda ta ɗaga kasafinta na 2024 daga kimanin biliyan 197 da shugaban ƙasa ya gabatar zuwa biliyan 344. Cikin kwanaki kaɗan aka hukunta mai tambaya, rahoton Odita kuma yana jiran shekaru.

"To ai su ma ɓarayin ne"

Wasu kan ce mini, kai da kake kira a ƙarfafa binciken majalisa, ka manta da Farouk Lawan? Ban manta ba. Shi ya jagoranci kwamitin da ya binciki tallafin man fetur a 2012 bayan zanga-zangar watan Janairu, zaman da jama'a suka bi a talabijin kamar ba a taɓa yi ba. Daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 daga ɗan kasuwa Femi Otedola don a cire sunan kamfaninsa daga rahoton, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin shekara 5 a watan Janairu na 2024. Wannan abu ya yi wa binciken majalisa illar da har yau ba ta warke ba. Ma'aikatan gwamnati da yawa suna kallon ziyarar sa ido a matsayin ranar da za a tanadi masauki da ambulan.

Amma idan mai gadi ya lalace, gyara shi ake yi ko a sauya shi, ba a cire ƙofar gidan. Kuma wa za a ba aikin in ba majalisa ba? EFCC da ICPC shugaban ƙasa ke naɗa shugabanninsu, kuma aikinsu farautar laifi ne bayan an kai ƙara. Yawancin asarar da ake yi ma ba ta kai matsayin laifin da za a kai kotu ba: aikin da aka fara aka watsar, asibitin da aka gina ba a tura ma'aikata ba, kayan da aka saya suka ruɓe a sito. Babu mai tambayar irin waɗannan sai majalisa. Kuma ɗan majalisa, duk lalacewarsa, shi kaɗai ne a cikin jerin nan da ƙuri'ata za ta iya kora.

Maganin kwamitin da ake saye shi ne a rage masa duhun da yake ciniki a ciki. Bincike ya tashi daga rahoton Odita, ba daga ra'ayin shugaban kwamiti ba. A yi zaman a bainar jama'a. A haramta wa hukuma biyan kuɗin jirgi da otal na waɗanda suka zo bincikenta. A wallafa sakamakon cikin wa'adi, da sunan wanda zai mayar da kuɗi da adadin da zai mayar.

"Majalisa ba ta da haƙora"

Akwai gaskiya a nan. Matsayar majalisa shawara ce, ba ta ɗaure ɓangaren zartarwa. Maganar Maina ma ta nuna haka: majalisar dattawa ta bincike shi, ya ƙi zuwa, ta ba da sammacin kama shi a 2013, ya bar ƙasar, sai ga shi a 2017 an mayar da shi aiki da matsayin darakta a ma'aikatar cikin gida. Sai da jama'a suka yi ca kafin a kore shi.

Shi ma Odita Janar hannunsa a ɗaure yake. Dokar binciken kuɗi da aka gada ta 1956 ce, tun zamanin Turawa, lokacin da babu fetur a kasafin ƙasa balle kwamfuta. Tsarin mulki ya hana shi binciken manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati kai tsaye, sai dai ya ba su jerin masu binciken da za su zaɓa, ya yi sharhi a kan abin da aka kawo masa. Kuɗin gudanar da ofishinsa kuma ta hannun waɗanda yake bincika suke fitowa. Majalisa ta takwas ta zartar da sabon ƙudurin da zai ba ofishin 'yanci, Buhari bai sa hannu ba, majalisar kuma ba ta yi amfani da ikonta na kashi biyu bisa uku ta mayar da shi doka ba.

Maƙwabtanmu sun wuce mu a nan. A Ghana tsarin mulki ya ba Odita Janar ikon ƙin amincewa da kuɗin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ya ɗora wa jami'in da ya kashe su biya daga aljihunsa. A 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ta umarce shi ya riƙa amfani da wannan iko, Odita Janar na lokacin, Daniel Domelevo, kuma ya yi amfani da shi har ya taka manya, aka tura shi hutun dole a 2020, kotun ta ce tura shin ya saɓa wa tsarin mulki. Kwamitin asusun gwamnati na majalisar Ghana yana zamansa ne a gaban kyamara, shugaban makaranta ko akantan gunduma ya tsaya ya yi bayani mutanen garinsu suna kallo. Afirka ta Kudu ma tun 2019 ta ba nata Oditan ikon rubuta wa jami'i takardar bashi idan ya ƙi gyara ɓarnar da aka nuna masa. Ba na cewa sata ta ƙare a waɗannan ƙasashe. Amma a can rahoton yana iya taɓa aljihun mutum.

Duk da haka ban yarda majalisarmu ba ta da makami ba. Makaminta shi ne kasafin kuɗi kansa. A kasafin 2013 ta hana hukumar kula da hada-hadar hannun jari ko sisi, saboda rigimar da ta ɓarke tsakanin 'yan majalisar wakilai da shugabar hukumar, Arunma Oteh, wadda ta zargi shugaban wani kwamiti da neman kuɗi a wurinta. Ashe idan abin ya taɓa mutuncinsu sun san inda makamin yake. Me ya hana a zare shi a kan hukumar da ta yi shekaru ba ta miƙa lissafinta ga Odita ba?

A gidajenmu yaron da aka aika da kuɗin cefane, in ya dawo sai ya zube kaya ya faɗi farashin kowanne ya miƙa canji. Wanda ya kasa yin haka ba a sake ba shi kuɗi gobe. Abin da nake nema daga majalisa ke nan, ba ƙari. Kafin shugaban hukuma ya zauna kare kasafin baɗi, a ajiye masa tambayoyin Odita na shekarun baya a gabansa. Wanda bai amsa ba a biya albashin ma'aikatansa, don ba laifinsu ba ne, a riƙe kuɗin gudanarwa da na ayyuka har sai ya amsa.

Na san za a ce binciken abin da ya wuce ihu ne bayan hari. Haka yake idan rahoto zai yi shekara uku a hanya. Idan ya fito cikin wata shida kamar yadda dokar 2007 ta ce, jami'in yana kan kujerarsa, ɗan kwangilar bai gama karɓar kuɗinsa ba, ginin da aka ce an yi ana iya zuwa a duba. Shi ya sa al'adar tsawaita kasafi take damuna. An ja ɓangaren ayyuka na kasafin 2023 har ƙarshen 2024, na 2024 ma aka ja shi cikin 2025, kuma majalisa ce ke amincewa kowane karo. Shekarar da ba a rufe littafinta ba, ba a iya bincikenta, kuma idan kasafi biyu ko uku suna tafiya tare, aiki ɗaya na iya cin kuɗi sau biyu ba a gane ba.

A jihohi abin ya fi muni, kuma ya fi kusa da mu. Sashe na 125 ya ba kowace jiha nata Odita Janar, ya ce a kai rahotonsa majalisar dokokin jiha. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, kuma a hannunsu makarantun sakandare da manyan asibitocin jiha suke. Amma majalisun jihohi da yawa kasafin gwamna kan shiga ya fita cikin 'yan kwanaki, mambobin duk 'yan jam'iyya ɗaya ne ko kusa da haka, shugaban majalisa kuma da yardar gidan gwamnati yake zaune. Ɗan majalisar jiha maƙwabcinmu ne, muna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wurin ɗaurin aure. Shi ya kamata mu fara tsarewa mu tambaya: rahoton Oditan jiha na bara ya iso gabanku? Wace rana kuka zauna a kansa, kuma wa kuka ce ya mayar da kuɗi?